Bangon raba ɗaki: a zaɓi icce da hankali, a ƙyale giginya



Iyali suna ƙaruwa, amma ɗaki ba ya ƙaruwa. Yara sun girma, lokaci ya yi da za a raba musu makwanci. Mai kanti yana son ya ware wurin ajiya daga wurin ciniki. A gidan likita na ƙauye ana son lungun da za a duba mace ba a kan idon jama'a ba. Gina sabon ɗaki kuwa sai da fili, sai da kuɗi. Shi ya sa mutane da yawa, a birni da ƙauye, suke raba ɗaki guda ya zama biyu da bangon katako.

Wannan dabara ce mai kyau. Amma wajen zaɓen icce ne ake yin kuskure iri biyu. Wani yakan sayi ɗanyen katako mafi araha, gara ta cinye shi cikin damana guda. Wani kuma yakan ce shi ba ya son wasa, sai azarar giginya. Na farko ya yi asarar kuɗinsa. Na biyu ya jawo wa ƙasa asara. Ra'ayina shi ne: bangon raba ɗaki ba ya bukatar icce mafi ƙarfi. Abin da yake bukata shi ne icce busasshe, miƙaƙƙe, wanda bai taɓa ƙasa ba.

Abin da na gani da idona

Wani maƙwabcina mai ɗan kanti ya raba shagonsa biyu a cikin bazara. Ya sayi farin katako a ranar da mota ta sauke shi, kafinta ya buga washegari. Ƙasan katakon yana zaune a kan daɓen ƙasa. A jikin bangon ya kafa kanta, ya jera sabulu da gwangwanin tumatir da kwalaben mai.

Kafin kaka katakon ya bushe, ya karkace, ƙyauren ƙofa ya daina rufuwa. Gara kuma ta hau daga ƙasa, tana ci ta ciki, waje yana nan sumul. Wata rana da hantsi kantar ta zubo. Ɗansa ƙarami yana wasa a nan kusa. Allah ya kiyaye, kwalba ce kawai ta yanke shi a ƙafa. Mai kantin ya sake sayen katako, ya sake biyan kafinta. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado.

Yadda bangon yake

Irin wannan bango daga ƙasashen Turawa aka koyo shi. Ana shimfiɗa katako guda a ƙasa, a buga wani a sama. Tsakaninsu a jera sanduna a tsaye. A tsakiyar tsayin a gitta gajerun katakai, su riƙe sandunan kada su tanƙware. Sa'an nan a rufe da fallen katako, irin wanda ake yin silin da shi, ko da zana, ko da tabarmar kaba.

A Ingila da Amurka ana busar da katakon gini a cikin tanda kafin a kai shi kasuwa. A Ingila kuma gara ba ta dame su ba. Mu nan ba haka abin yake ba. Gara tana ƙarƙashin kowane gida. Iskar damana tana sa icce ya kumbura, iskar hunturu tana sa shi ya motse ya tsage. Saboda haka in mun ari dabara, sai mu gyara ta daidai da ƙasarmu.

Bangon nan ba ya ɗaukar rufi

Ga abu na farko da ya kamata kowa ya gane. Azarar da ke saman soro tana ɗauke da ƙasa mai nauyi, da ruwan sama, da mutumin da ya hau yaɓe. Bangon raba ɗaki kuwa kansa kawai yake ɗauka, sai ƙyaure, sai ƴar kanta. Sa azara a irin wannan wuri kamar a ɗaura wa raƙumi kayan akuya ne.

Giginya ba ta girma da sauri. Sai ta yi shekaru gommai kafin ta isa a fasa ta azara. Sashen waje na gangar jikinta ne kaɗai mai ƙarfi, cikin kuwa taushi gare shi. Babban kurmin giginya na ƙasarmu yana Dallol Mauri, a yankin Gaya, cikin jihar Doso. Daga nan azara ta daɗe tana tafiya Yamai da sauran birane. A can giginya abinci ce, sana'a ce: ƴaƴanta, da muruci, da ganyenta, duk kuɗi ne a hannun mata da matasa. Wanda ya sare ta ya ci riba sau ɗaya. Wanda ya bar ta tsaye yana cin riba kowace shekara.

Hukuma ma ta san da haka. Tun dokar gandun daji ta 1974 aka sa giginya da goriba da gawo da maɗaci cikin itatuwan da aka ba kariya. Dokar 2004 ta zo a madadin waccan, amma ƙa'idar tana nan: icce mai kariya ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Kirya da marke su ma itatuwa ne masu ƙarfi da gara ke shakka, amma sun yi ƙaranci a gonakinmu. Bai kamata a kashe su domin bangon cikin ɗaki ba.

Farin katako da jan katako

Ƙasarmu ba ta da kurmin da ake yanka falanki. Katakon kasuwa daga ƙasashen kudu yake zuwa, kamar Najeriya da Gana da Kodibuwa. Shi ya sa yake da tsada, domin har da kuɗin mota da na kwastan a cikin farashinsa.

Ƴan katako sukan raba shi gida biyu. Akwai fari, akwai ja. Yawancin farin daga wani babban iccen kurmi yake, wanda ake kira samba a Kodibuwa, obece a Najeriya, wawa a Gana. Ba zagi ba ne, sunan iccen ke nan a harshensu. Ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki, ƙusa ba ta cika tsaga shi ba. Aibinsa shi ne gara da ƙwari suna son sa ƙwarai, kuma ba ya jure laima.

Jan katako, irin dangin maɗaci, ya fi nauyi, ya fi ƙarko, ya fi tsada. Amma a lura: a irin wannan icce zuciyar ce mai ƙarko. Farin sashen da ke kusa da ɓawo yana da abincin da ƙwari ke nema. In ka ga jan katako mai farin gefe, to, ta wannan gefen ne ɓarna za ta fara.

Shawarata ita ce a haɗa su. A sa jan katako a ƙasa, da gefe biyu na ƙofa, inda wahala take. Sauran sandunan a yi su da fari, muddin ya bushe. Ta haka an rage kuɗi, ba a rage ƙarko ba.

Namu na gida

Ba dole ba ne sai katakon kanti. Muna da dogon yaro, muna da turare. Dukansu suna girma da sauri, in an sare su kuma suna sake tohowa.

Dogon yaro asalinsa daga ƙasar Indiya yake, amma yau ya zama ɗan gida. Zuciyarsa ja-ja ce, ƙwari ba su cika son ta ba. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, domin kare gonaki daga iska. Da itatuwan suka girma, mutanen ƙauyukan suka riƙa rage rassa, suna samun sandunan gini da iccen wuta, tushen kuwa yana nan da ransa. Wannan darasi ne ga kowa.

Turare yana ba da sanda doguwa miƙaƙƙa. Sai dai yana tsagewa in ya bushe da gaggawa, kuma in ya bushe yana da tauri. A huda shi tukuna kafin a buga ƙusa. Yana shan ruwa da yawa, saboda haka kada a dasa shi kusa da rijiya ko a tsakiyar garka.

Akwai kuma sassaben zamani. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona, suna zaɓar rassa masu kyau suna reno. Wani Bature ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka an farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomin da ke yin haka yana da sanda a gonarsa, ba sai ya je kasuwa ba.

In za ka yi amfani da sandar gida, ka sare ta bayan kaka. Ka ɓare ɓawon nan da nan, domin a ƙarƙashinsa ƙwaro ke ɓuya. Ka jera sandunan a inuwa, bisa duwatsu, da ƴan ƙirare a tsakaninsu domin iska ta ratsa. Ka ɗora musu nauyi kada su karkace. Kada ka shanya su a rana tsaka, za su tsattsage.

Yadda ake gane icce mai kyau

Kada ka aiki yaro sayen katako. Ka je da kanka, ko ka tafi da kafintan da ka yarda da shi. Ga abubuwa 6 da za ka duba:

1. Nauyi. Ɗauki katako biyu iri ɗaya, girma ɗaya. Wanda ya fi nauyi shi ne mai ruwa.

2. Ƙara. Ƙwanƙwasa shi. Busasshe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ɗanye kuwa muryarsa a dushe take.

3. Miƙewa. Ɗora kansa guda a ƙasa, ka ɗaga ɗayan zuwa idonka, ka hanga kamar mai saita bindiga. In ya yi baka ko ya murɗe, ajiye shi.

4. Ƙulli. Wurin da reshe ya fito rauni ne. Ƙaramin ƙulli ba kome. Amma in ya cinye kashi ɗaya cikin uku na faɗin katakon, a nan zai karye.

5. Ƴan ramuka. In ka ga ƙananan huji suna zubo da gari mai laushi, akwai ƙwaro a ciki. Kada ka kai shi gidanka ko da kyauta ne, domin zai koma kan gadonka da ƙyaurenka.

6. Tsaga da baƙin tabo. Doguwar tsaga ba ta riƙe ƙusa. Baƙin tabo kuwa alama ce ta cewa katakon ya kwana cikin laima.

Masana icce sun nuna cewa ruɓa ba ta kama katako sai ruwan jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. Mu ba mu da na'urar awo, amma muna da sikeli. Yanki guntu guda, ka auna shi kowane mako, ka rubuta a littafinka. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya bushe. Ga amfanin karatu da rubutu ke nan. In ɗanye ne kawai a kasuwa, ka saya, ka ajiye, ka jira. Sauri ya haifi nawa.

Gara daga ƙasa take zuwa

Gidan gara yana ƙarƙashin ƙasa. Ba ta son haske, ba ta son iska. In za ta hau wuri sai ta gina ƴar hanyar laka ta bi ta ciki. Wanda ya san wannan ya san maganinta.

Kada katako ya taɓa daɓen ƙasa. A yi masa ɗan dakali na siminti ko na jan bulo, tsawon santimetir 10 zuwa 15, a ɗora shi bisa. Inda sanda ta haɗu da bangon laka, a sa guntun kwano a tsakani. Kada a jingina buhu ko tabarma a gindin bangon har wata da watanni. Kada a ajiye randa a wurin. Uwar gida, in kina shara ki riƙa duba gindin. In kin ga hanyar laka, ki karce ta, ki gaya wa mai gida a ranar.

Ina kuma ba da shawara a rufe bangon ta fuska ɗaya kawai. In an rufe fuska biyu, tsakiyar ta zama kogo. A nan kusu da kyankyaso da kunama da kuɗin cizo suke samun mafaka, a nan kuma gara take aikinta ba mai gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fuska ɗaya ta fi araha, kuma kome yana kan ido.

Kada maganin gara ya zama cutar iyali

Wannan ita ce maganar da ta fi damuna. Mutane da yawa suna shafa wa katako baƙin man mota. Wasu suna kwaɓa shi da maganin ƙwarin gona. A shingen garka ma abin yana gurɓata ƙasa, balle a ɗakin kwana. Baƙin mai yana ɗauke da dattin inji mai guba, kuma yana sa wuta ta kama da sauri. Yaro mai rarrafe yana taɓa bango, yana kai hannu baki. Mai ciki da mai asma suna shaƙar warin dare da rana.

Akwai tsofaffin magungunan gara, irin su aldirin da diyaldirin, waɗanda ƙasashen duniya suka amince a hana su a yarjejeniyar birnin Istokholm ta 2001, saboda gubarsu tana daɗewa a ƙasa da jikin mutum. In wani ya kawo maka magani a kwalbar da ba rubutu, kada ka karɓa. Ka tambayi malamin gona. Katakon da aka riga aka sa wa magani kuma, kada a yi girki da guntayensa.

Sa'an nan ku sani, bangon katako yana tare ido ne kawai, ba ya tare iska. Ƙwayar da ake sa wa a buhun wake tana fitar da iska mai kisa, kuma iskar tana ratsa zana da fallen katako. Ta sha hallaka mutane suna barci. Kada a ajiye buhun da aka sa wa wannan ƙwaya a ɗakin da mutum ke kwana, ko da akwai bango a tsakani. Haka man fetur, haka maganin feshi.

Kada kuma bangon ya toshe iskar shaƙa. A bar tazara a sama, kamar kamu ɗaya, kuma kowane sashe ya sami taga. Ɗaki mai duhu marar iska yana taimakon tarin fuka wajen yaɗuwa. Murhu da fitila da kyandir su yi nisa da bangon. In za a bi da wayar lantarki, a sa ta cikin tiyo.

Mu yi ɗan lissafi

Fallen katako na kanti faɗinsa santimetir 122 ne, tsawonsa 244. Saboda haka a jera sanduna santimetir 61 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. Ta haka bakin kowane falle zai faɗa daidai kan sanda. Kaurin sanda santimetir 5 a kan 7 ya isa.

A ce faɗin ɗakinka metir 3 da rabi ne. Kana bukatar falle 3, a rage na ƙarshe. Kana bukatar sanduna 7 a tsaye, wato kusan metir 17. Na sama da na ƙasa metir 7 ne. Na gicciye metir 3 da rabi. Jimla kusan metir 28 ke nan. Ka sayi metir 30 saboda yanke-yanke. In akwai ƙofa, ka ƙara sanda ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga kasuwa da wannan lissafi a takarda, da wuya a cuce shi.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce: "Azara sau ɗaya ake sa ta, har jikoki su gada." Gaskiya ne. Amma bangon raba ɗaki ba na har abada ba ne. Yara za su yi aure, kanti zai canza, za a cire shi. In mun ƙarar da giginya a kan abin wucin gadi, me jikokin za su gada?

Wani kuma zai ce: "Duk wannan wahala ta mene ce? A yi da tubali mana." Wannan ba na ja da shi. In gidanka ne na kanka, kuma akwai fili, siririn bangon tubali ya fi tare sauti, ya fi jure wuta, ba a sari icce ko ɗaya ba. Tun 1980 aka fara koya wa magina a Cikal, yankin Filinge, yin rufin tubali zalla ba tare da azara ba. Wanda ya iya rufa ɗaki ba icce, raba ɗaki ba zai gagare shi ba. Amma ɗan haya, da mai ƙaramin shago, da wanda ɗakinsa ya yi ƙunci, katako ne ya dace da su, domin bai cin wuri kuma ana iya ƙaura da shi.

Kira na ƙarshe

Ga magidanta: ku fara tambayar kanku ko tubali zai yi. In katako ne dole, ku sayi busasshe, ku ɗaga shi daga ƙasa, ku nisanta shi da guba.

Ga kafintoci: ku gaya wa mai aiki gaskiya in katakonsa ɗanye ne. Aikin da ya faɗi, sunan kafinta ne ya faɗi.

Ga malaman yaƙi da jahilci: ku sa lissafin nan cikin darasi, ɗalibai su auna ɗakinsu da kansu.

Ga mu duka: tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itatuwa ce a ƙasarmu. Kowane mai gida ya dasa dogon yaro 5 a bakin gonarsa, ya kare su daga awaki. Kafin jaririn bana ya isa a raba masa makwanci, sandunan bangonsa sun isa sara. Giginya kuwa a bar ta tsaye, ta ci gaba da ciyar da masu ita.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da gidajenmu. Amin.